Sunan Mai Ɗinki da Tawadar da Ba Ta Wankuwa

A Amurka akwai wata sana'ar mata da ta haura shekara ɗari biyu. A tara ƙyallayen yadi, a yanyanka su, a harhaɗa da allura har su fitar da zane, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa wani yadin a baya, sannan a bi duka ukun da ɗinki su zama bargo guda. Bargo ɗaya yakan ci watanni, wani ma shekaru. In an gama, sai a ɗinka wani ɗan farin ƙyalle a kusurwar baya, a rubuta sunan wadda ta yi, da garinsu, da shekara, da wanda aka yi dominsa.

Wannan ɗan ƙyallen shi ya haifi gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu sana'ar: da wane alƙalami za a yi rubutun? Wata ta rantse da wannan, wata ta ce ai nata ya koɗe tun ba a je ko'ina ba, wata ta ce nata nashewa ya yi har sunan ya kasa karantuwa. Wanda ya jiyo su daga nesa zai ɗauka musun biro ne kurum. Amma macen da ta tsaya kai da fata tana neman tawadar da za ta jure sabulu da rana da gumi har shekara ɗari ta san sarai ba za ta ga ƙarshen shekarun nan ba. So take sunanta ya wanzu bayan ita ta kau. A nan kuwa malaman addini suna da ta cewa, domin son a san mutum da son a riƙa ambatonsa suna cikin abubuwan da suka fi tuhuma a zuciyar ɗan Adam.

Tukuna dai, ita tawadar.

Kafin shekarun 1830, mace in tana son sa wa kayanta alama da zare take yi, haruffa biyu na farkon sunanta a gefen zanen gado, don kada ya ɓace wurin wanki. Sai aka fara sayar da tawadar tufafi a 'yan kwalabe, kuma ta Payson, da ake yi a garin Northampton na jihar Massachusetts, tana cikin waɗanda suka yi suna. Da yawan irin wannan tawada da sinadarin azurfa ake haɗa ta, wanda yake yin baƙi in haske ya taɓa shi. Shi ne dai ke cikin tawadar da ake shafa wa mai zaɓe a yatsa, wadda Indiya ke amfani da ita tun zaɓen 1962. Samuwar tawadar tufafin ta zo daidai da lokacin da iyalai ke ta ƙaura zuwa yammacin ƙasar, tafiyar da sau tari ba a dawowa. Sai aka shiga yayin bargon sa hannu: kowace maƙwabciya ta ɗinka nata yankin, ta rubuta sunanta, a haɗa a ba mai tafiya, ko amarya, ko faston da aka mayar wani coci. Birnin Baltimore ya shahara da su a wajajen 1846 zuwa 1852. Wata 'yar shekara 17 a Rhode Island, Adeline Harris, ita ta kai abin maƙura. Daga 1856 ta riƙa aika guntayen farin siliki ta gidan waya zuwa ga mashahuran zamaninta, tana roƙon su sa hannu su maido. Ta tara 360, ciki da na shugabannin Amurka takwas, har da Abraham Lincoln, da na marubucin Ingila Charles Dickens. Bargon yana gidan tarihi na Metropolitan a New York.

Ba kowace mace ta samu tawadar kirki ba. Wasu sun ɗauki wadda ake rubuta wasiƙa da ita, wadda ake haɗawa da gishirin ƙarfe da ruwan wani ƙullutu da ƙwari ke tayarwa a jikin itace, mai bauri irin na bagaruwar majema. Tana kama yadi kam, ruwa ba ya ɗaga ta. Sai dai tana da asid, ƙarfen cikinta kuma ba ya daina aiki. Bayan shekaru, masu kula da kayan tarihi sukan tarar rubutun ya koma ruwan ƙasa, wani wurin ma zaren ya ruɓe daidai inda alƙalami ya bi, sai huji mai siffar harafi. Tawadar ta cika alkawarin cewa ba za ta wanku ba, ta kuma cinye yadin da aka ba ta amana.

Alƙaluman yau gida biyu ne, kuma duk gardamar matan nan a kan wannan rabon take, ko sun sani ko ba su sani ba. Akwai masu rini, akwai masu garin launi. Rini narkewa yake a ruwa kamar sukari a shayi, garin launi kuwa kamar ƙullun koko yake, ƙananan ƙwayoyi ne da ke yawo a cikin ruwan ba tare da sun narke ba. Abin da ya narke sau ɗaya yana iya sake narkewa, kuma hasken rana yana saurin karya shi. Biron makaranta na gidan rini ne, shi ya sa sunan da ɗalibin kwana ya rubuta a wuyan rigarsa ba ya kai ƙarshen zango. Makar Sharpie, wadda kamfanin Sanford ya fitar a 1964, ita ma rini ce a cikin sinadarin giya. Tana kama gilashi da roba da kwali, amma a kan auduga takan bi zare ta nashe, kuma masu barguna sun daɗe suna kukan cewa da tafiya ta yi nisa baƙin yakan juya, ya bar wani rawaya-rawaya a gefen haruffa. Kamfanin da kansa yana da wata makar daban ta kayan wanki, Rub-a-Dub. A ɗaya gidan, kamfanin Sakura na birnin Osaka a Japan ya samo dabarar niƙa garin launi ya yi laushin da zai bi ta siririn bakin alƙalami ba tare da ya toshe shi ba, ya fitar da tawadar Pigma a 1982. Alƙalaminsa Micron shi ne mafi yawan masu barguna suka raja'a a kai, musamman mai lamba 05, wanda kaurin layinsa milimita 0.45 ne. Mai lamba 01 ya cika siranta, yakan sarƙe a zare, kuma tawadar da yake zubarwa ba ta isa ta ratsa yadin ba.

Alƙalamin ma rabin aikin ne. Sabon yadi yana zuwa da sitacin masana'anta, wanda ya yi rubutu a kansa a kan sitacin ya yi, wankin farko zai tafi da su tare. Don haka sai an wanke, an goge. Ana manna wata takarda mai santsi a bayan ƙyallen da dutsen guga don ya tsaya cak, a yi rubutun ba tare da an danne ko an tsaya a wuri ɗaya ba, a bar shi ya kwana, a sake bi da dutsen guga marar tururi. Auduga mai matsattsiyar saƙa ta fi karɓa, yadin roba kuwa sai a hankali. Gogaggun cikinsu ba sa yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali. Sukan yanki guntun yadin, su yi rubutu da kowane alƙalami, su jefa cikin wanki tare da sauran kaya, wani guntun kuma su manna a taga rana ta yi ta dukansa.

Akwai kuma wani alƙalamin da ya ba su kunya ta wata fuskar. FriXion na kamfanin Pilot, wanda ya shiga kasuwar Turai a 2006, tawadarsa tana ɓacewa in zafi ya kai wajen digiri 60. Masu ɗinki suka ga banza ta faɗi: a zana layin da allura za ta bi, in an gama a ɗora dutsen guga, layi ya tafi. Ashe bai tafi ba, launinsa ne ya ɓuya. Da sanyi ya kai digiri 10 ƙasa da sifili sai ya sake bayyana, kuma an sha jin waɗanda suka aika bargo wurin gasa da hunturu, aka buɗe aka tarar da duk zanen da suka yi zaton sun shafe. Kamfanin ma yana gargaɗin kada a sa hannu a takardun doka da shi. Mai wa'azin da ke neman misali a kan littafin ayyuka ba zai rasa abin yi da wannan labari ba.

To, an samu alƙalami. Ya dace a rubuta sunan?

Akwai waɗanda suka ce a'a, kuma ba da wasa suka faɗa ba. Ƙungiyar Kiristocin da ake kira Shakers, wadda wata mata 'yar Manchester mai suna Ann Lee ta kai Amurka a 1774, mutane ne da ba sa aure, dukiyarsu ta gamayya ce, kujeru da akwatunan da suka sassaƙa kuwa har yau rububinsu ake. A dokokinsu na 1845 sun hana kowa rubuta sunansa a kan abin da ya ƙera, don kada na baya su gane aikin hannun wane ne. Amma sun yarda a sa haruffan farkon suna a jikin tufa ko kayan aiki, don a bambance na wani da na wani. Sun raba abin gida biyu ke nan: alamar da za ta maido maka da rigarka daga wurin wanki halas, alamar da za ta jawo maka yabo haram. A babi na shida na Linjilar Matta, inda aka yi horo da a ɓoye sadaka da addu'a da azumi, suna da madogara.

Musulmi ba baƙo ba ne a wannan fage. Riya, wato yin aiki don idon mutane, ana kiranta ƙaramar shirka. Akwai hadisin da Muslim ya ruwaito na mutum uku da za a fara yi wa hisabi, wanda ya mutu a fagen yaƙi da malami da mai kyauta, waɗanda aikinsu ya lalace domin sun yi ne don a faɗa, kuma an faɗa. Imam Gazali ya ware littafi guda a cikin Ihya'u a kan son girma da riya, yana bin su lungu-lungu har inda mutum ke jin daɗin a gane cewa yana ɓoye ibadarsa. An ruwaito cewa Imam Shafi'i, wanda ya rasu a Masar a shekara ta 204 bayan Hijira, ya yi burin mutane su koyi ilimin da ya tara ba tare da an jingina masa ko kaɗan ba. Ko a zamanin nan, da Sarki Abdullah na Saudiyya ya rasu a Janairun 2015, a maƙabartar Al-Oud ta Riyad aka binne shi, a kabarin da ba suna ba kwanan wata. In sarki guda ya tafi haka, me zai sa mai bargo ta tayar da hankalinta a kan alƙalami?

Hujja ce mai nauyi, kuma duk wanda ya taɓa jin zuciyarsa ta yi fari don an ambaci sunansa a taro ya san ba ƙarya malaman suka yi ba. Sai dai tana da wani gurbi. Shafi'i shi ya zaɓi ya so ɓuya, alhali duniya ta riga ta san shi. Sarki Abdullah ba ya bukatar allo a kabari, sunansa na jikin jami'a da birni guda. Yawancin waɗanda tarihi ya shafe sunayensu ba a tambaye su ba.

A 1971 gidan zane na Whitney a New York ya rataye tsofaffin barguna a bango kamar zanen manyan masu fasaha, daga tarin Jonathan Holstein da Gail van der Hoof. Baje kolin ya yi tashe, ya ɗaga darajar bargo da farashinsa. Amma an nuna su ne a matsayin aikin wasu mata da ba a san ko su wane ne ba. Bayan shekara biyu Patricia Mainardi ta rubuta maƙala mai zafi, inda ta nuna cewa matan nan ba ɓoye kansu suka yi ba: da yawansu sun sa hannu, sun sa shekara, sun kai aikinsu gasa, har sun ambaci bargunansu a wasiyya, wannan na wance, wancan na wane. Masu saye da masu baje koli ne ba su ga dalilin tambaya ba.

Labarin Harriet Powers ya fi kowanne fito da abin fili. An haife ta baiwa a jihar Jojiya a 1837. A 1886 ta kai wani bargo baje kolin auduga a garin Athens, mai ɗauke da labaran Littafi Mai Tsarki a gida goma sha ɗaya: Adamu da Hauwa'u, Habila da Ƙabila, mafarkin Yakubu, da sauransu. Wata malamar zane farar fata, Jennie Smith, ta taya, Harriet ta ce ba na sayarwa ba ne. Bayan 'yan shekaru talauci ya ci ƙarfinta, ta kawo shi da kanta ta nemi dala goma, aka ba ta biyar. Kafin ta tafi ta bayyana ma'anar kowane gida, malamar ta rubuta. Wannan rubutun shi ya sa yau bargon ke gidan tarihi na Smithsonian da sunanta a gefe, na biyun kuma yana Boston. A 2009 wata mai bincike, Kyra Hicks, ta gano kwafin wasiƙar da Harriet ta rubuta a 1896, wadda ta nuna ta iya karatu, ta kuma ambaci wasu bargunan da ta ɗinka. Har yau ba a gano inda suke ba. Mai yiwuwa wani yana nan a akwatin wani gida, ba abin da zai nuna nata ne. Wanda ya kira wannan tawali'u ya ci da haƙƙinta sau biyu.

Daulolin Musulunci ma suna da nasu labarin irin wannan. A zamanin Umayyawa da Abbasiyawa da Faɗimiyawa akwai masaƙun gwamnati da ke fitar da yadin ɗirazi, mai layin rubutu a jiki: bisimilla, sunan halifa da addu'a gare shi, wani lokaci sunan waziri, garin da aka saƙa kamar Tinnis a Masar, da shekara. Ibn Khaldun ya lissafa shi cikin alamomin mulki a Muƙaddima. Ɗaruruwan guntayensa sun tsira a ƙasar Masar mai bushewa, ana karanta sunayen halifofi raɗau. Sunan wanda ya zauna a bakin masaƙa kuwa da wuya a ci karo da shi. Ba sai an je nesa ba ma. Hular da ake kira Zanna Bukar ana danganta ta da Zanna Bukar Dipcharima, ministan Jamhuriya ta Farko ɗan Borno. Sunan mai sawa ya bi hula, wanda ya kashe idonsa makonni yana soka allura ba a san shi ba. Manyan rigunan aska takwas da ke gidajen tarihin Turai, abin da aka saba rubutawa a gefensu bai wuce ƙabila da yanki da ƙarni ba.

Gaskiya ne cewa a irin wannan aiki tambayar tana da wuya, don hannu ɗaya ba ya gama babbar riga. Wani ya saƙa, wani ya rina, wani ya zana, wani ya yi aikin allura, mabugi ya buga. Sunan wa za a sa? Masu bargon Amurka ma sun ci karo da wannan, tunda yanzu sau da yawa wata ce ke harhaɗa ƙyallaye, wata mai babban keke ta bi da ɗinkin sama. Maganin da suka samo ba wani mai zurfi ba ne: a rubuta duka biyun. A gasa da dama kuma ana rufe ƙyallen sunan yayin da alƙalai ke dubawa, a buɗe bayan an yanke hukunci.

Addinin da ya tsoratar da riya shi ne kuma ya fi kowa naci a kan a faɗi wanda ya faɗa. Ilimin hadisi kacokan a kan sunaye ya tsaya, wane daga wane daga wane. Abdullahi ɗan Mubarak ya ɗauki isnadi a matsayin yanki na addini, domin shi ke hana mutum ya ƙirƙiri magana ya jingina wa wanda ya ga dama. Almajiran Shafi'i ba su cika masa burinsa ba, kuma sun yi daidai. Rabi'u ɗan Sulaiman ya ruwaito littattafansa da sunansa, shi ya sa masu zuwa suka san wa za su bi, wa kuma za su yi wa raddi. Suna ba yabo kaɗai yake jawowa ba, yana jawo tuhuma. Telan da ya sa sunansa a wuyan riga ya nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa in ɗinki ya warware. Ga kuma maganar Fudailu ɗan Iyad, wadda ta toshe ɗaya hanyar: a wurinsa barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Macen da ta ƙi sa suna don a ce wance ba ta son nuna kai, ba ta tsira ba.

Ko a batun kabari, inda aka fi tsanantawa, akwai abin lura. An ruwaito hani a kan gini da rubutu a kansa. Amma da Usmanu ɗan Maz'un ya rasu a Madina, Annabi (SAW) da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye a wajen kansa, don ya riƙa gane kabarin ɗan'uwansa, ya kuma binne iyalansa kusa da shi, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Alamar ganewa daban, alamar alfahari daban, ko da da dutse ɗaya aka yi su. Masu barguna sun san wannan amfani na suna. A ranar 11 ga Oktoban 1987 an shimfiɗa ƙyallaye 1,920 a babban filin Washington, kowanne ƙafa uku a faɗi, shida a tsawo, wato awon kabari, kowanne da sunan wanda cutar ƙanjamau ta kashe, a lokacin da dangi da yawa ke jin kunyar faɗin abin da ya kashe nasu. Cleve Jones na San Francisco ne ya faro shi, yau ƙyallayen sun kai wajen 50,000. Waɗanda suka ɗinka ba sunansu suka sa ba.

Malamin tsangaya ya daɗe da warware wani ɓangare na wannan matsala, ba da muhawara ba, da kurtu biyu. Tawadar allo da gawayi da ƙaro ake yin ta, kuma da gangan aka yi ta don ta wanku. Yaro ya rubuta, ya biya, ya haddace, ya wanke, ya sake wani. Mafi tsarkin magana ake rubutawa da ita, amma ba wanda ke baƙin cikin wankewar, tunda wurin ajiyar ƙirji ne. Ta takarda kuwa, wadda za a rubuta Alƙur'ani ko littafin da za a gada, akan jiƙa bagaruwa da guntayen ƙarfe ko kashin maƙera, 'yar'uwar waccan da ta ci yadin bargunan sa hannu. Abin mamakin shi ne gawayin tawadar allo ya fi kowane launi jure rana da shekaru, kuma baƙin garin launin da ke cikin alƙaluman zamani yawanci dangin gawayi ne. Bambancin yana ga abin da ya riƙe shi: ƙaro yana sakin hannu in ya ji ruwa, ɗankon masana'anta ba ya saki. Malam bai taɓa ɗaukar cewa tawada mai daɗewa ta fi daraja ba. Abin da za a rubuta, da inda ake so ya zauna, su ke zaɓar kurtu.

Kuma wannan malamin, in ya gama kwafe littafi, yakan sa sunansa. Duk wanda ya buɗe tsofaffin rubuce-rubucen da ke Arewa House a Kaduna ko ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato zai ci karo da wannan al'ada a shafin ƙarshe: an gama da taimakon Allah, a hannun wane ɗan wane, mai littafin wane, sai neman gafara gare shi da iyayensa da malamansa. Marubuta waƙa ma haka, sukan rufe da sunansu da ramzin shekara, wato haruffan da in an lissafa su suke ba da shekarar Hijira, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu tana cikin masu yawan sa ramzi. Waɗannan mutane sun karanta Gazali, sun san riya fiye da kowa. Sun sa suna ne a matsayin wanda ke bara: ga wanda ya yi, in ka amfana ka sa shi a addu'a, in ka ga kuskure ka san na wane ne, kada ka ɗora wa mawallafi. Da wuya a samu tsarin rubuta ƙyallen bargo da ya fi wannan.

Ba za a ce kowane suna a bayan bargo haka yake ba. Jane Stickle ta jihar Vermont, da ta gama nata a 1863, ta ɗinka sunanta da zare a kusurwa, da shekarar, da cewa lokacin yaƙi ne, sannan ta ƙara da adadin guntayen da ta harhaɗa: 5,602. Wanda ya zauna ya ƙirga wannan yana so a sani, ba shakka. Amma wata jaridar yankin ta shekarar ta bayyana ta a matsayin majinyaciya da ta daɗe a kwance, kuma sunan da rubutun kusurwar ne suka ba masu bincike damar haɗa labarin da bargon. Alfahari ne, ko shaidar cewa mai jinya ba ta zauna a banza ba? Alƙalami da zare ba sa nuna niyya, kuma wanda ya tsaya daga waje yana yanke wa zuciyar wani hukunci ya shiga hurumin da ba nasa ba. Gidan tarihi na Bennington, inda bargon yake, 'yan makonni kawai yake fito da shi kowace kaka, domin haske yana cin yadin. Komai ingancin rubutu, iyakarsa ran auduga.

Shi ya sa tun 1981, da aka fara a jihar Kentucky, ake kiran mutane su kawo tsofaffin bargunan gidajensu a ɗauki hoto, a rubuta abin da dangi suka tuna. Sauran jihohi suka bi sahu. Abin da masu aikin suka yi ta ji shi ne na kakata ne, ko na kakar mijina, ba a tuna wacce ba. Daga nan kiran a riƙa sa ƙyallen suna ya yi ƙarfi, har da shawarar mace ta sa sunan gidansu na kafin aure, tunda a can aure yakan shafe shi.

Saura ɓarawo. Ana satar barguna, a wurin baje koli, a mota, a hanyar aikawa, kuma ƙyallen da aka ɗinka daga baya ba ya ɗaukar minti biyar a hannun mai reza. Don haka wasu suke manna shi tun kafin ɗinkin sama, allura ta ratsa ta cikinsa, yadda ba a cire shi sai an ɓata bargon. Wasu kuma sukan rubuta sunansu kai tsaye a jikin yadin baya, da alƙalamin nan mai garin launi, sannan su rufe wurin da ƙyallen, ko su tura rubutun cikin lanƙwasar baki inda sai an farke za a gani. Massassaƙan Shakers ma, duk da dokar 1845, masu gyaran tsofaffin kaya suna ta cin karo da sunayen wasunsu da fensir a ƙarƙashin aljihun tebur da bayan akwati, inda dattawan ƙungiya ba sa leƙawa.